Baƙon da Ke Kan Bokiti

A layin kafintoci ana kiransa Yatsa Goma, don shi kaɗai ya tsufa a sana'ar ba tare da zarto ya karɓi rabonsa a hannunsa ba. Mutum ne mai fara'a, ga kafiya kamar tsohuwar ƙusa. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya ga an ninke kwali an tokare ƙafar tebur. In ya je gidan mutane ya tarar da haka, hirar ma ba ta yi masa daɗi, sai ya kifar da teburin ya gyara ko ba a sa shi ba. A wurinsa aiki sau ɗaya ake yi a gama.

Munsharinsa kuwa ya fi sunansa zuwa nesa. Mai ɗakinsa ta yi ta haƙuri, har ta lura ba ƙarar ce abin tsoro ba, shirun ne: numfashi ya ɗauke ɗif, can ya dawo da shaƙewa. Da rana kuma sai gyangyaɗi, yana cikin awon katako fensir ya suɓuce masa. Ta tasa shi gaba sai asibiti.

Bayan gwaji, likitar ta ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in barci ya ɗauke shi. Ta haɗa shi da wani ɗan inji mai hura iska, da tiyo da marufin hanci. Ya tambaye ta wata nawa zai yi kafin ya warke.

"Baba, ba gyara yake yi ba," in ji ta. "Riƙe hanyar yake a buɗe muddin kana sawa. Wasu in sun rage ƙiba, aka sake gwada su, sukan rabu da shi. To kai ina ƙibar? Naka halitta ce."

Wato dai tokara. Shi, Yatsa Goma, a ce da tokara zai ƙarasa rayuwa! Ya dawo gida ya kife bokitin wanki a gefen gado ya ɗora injin. Mai ɗakinsa ta ce ya yi masa ɗan tebur mana, gidan kafinta guda. Ya ce baƙo ne, kwana nawa zai yi. Daga nan sunan ya bi injin, ita kuma ta koma aron bokiti a maƙwabta.

Gaskiya baƙon ya yi aiki. Ciwon kan safiya ya tafi, idon Yatsa Goma ya washe, har waƙa yake yi yana goge katako, abin da ya sa maƙwabtan shago suka fara kewar gyangyaɗin. Ganin haka ya yanke wa kansa hukunci cewa ya warke. Ya mayar da injin kwali, ya miƙa wa matarsa bokitinta da alfahari. Ta yi magana, ta gaji, ta zuba ido.

Ba a jima ba, wata rana bayan azahar yana tura katako bakin zarton lantarki, idonsa ya rufe. Ƙas ya ji. Ya buɗe ido ya ga fensirin da ke tsakanin yatsunsa ya rabu biyu. Ya kashe zarton, ya zauna a kan benci yana juya hannayensa. Yatsun suna nan, goma cif. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun yana koyon aiki.

Ranar bai ƙara taɓa aikin kowa ba. Ya jawo jan katakon da ya daɗe yana ɓoyo, wanda ya hana manyan masu saye, ya yi ɗan tebur mai aljihu, da maratayin tiyo a gefe. Teburin ya sha fenti, ya bushe, ya ɗauko shi a kafaɗa har ɗaki.

"Malam, baƙon ya fasa tafiya ke nan?" in ji mai ɗakinsa, tana danne dariya.

"Ya zama ɗan gida. Ni ma ina so in daɗe."

Ta ɗora hannu a kan teburin, sai ya ɗan yi rawa. Ƙafafun daidai suke, daɓen ɗakin ne ya karkace tun gini. Ta tsaya tana jiran ya ce a fasa siminti. Yatsa Goma ya dubi ƙasan, ya laluba aljihu, ya fito da guntun fensirin nan. Ya durƙusa ya tokare ƙafar da shi.