Jirgin da Na Zaɓa wa Auta a Tekun Doha

Yauri zuwa Suleja

Tun ba a kira assalatu ba na fito da jakata ƙofar gida. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, ku kuka ce in na dawo in rubuta muku abin da na gani, to ga shi. Wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta, kada ta zo min da shi.

Ba yawon buɗe ido ya tayar da ni ba. Autana Isiya, mai gyaran injin jirgin ruwa a Doha, shi da abokinsa sun daɗe suna tari za su sayi sabon jirgi, su riƙa fita fatsa suna ɗaukar masu sha'awar kamun kifi. Jirgi biyu suka gani, gardama ta hana su saye. Mu kuwa a gidanmu na Sarkawa masunta ba a sayen jirgi sai babban gida ya sa ƙafa a ciki ya ce ya yi, kuma tun rasuwar Malam ni ce babba. Na ce su turo hoto ta waya. Isiya ya ce, "Inna, da hoto za ki sa ƙafa?" Ya aiko da tikiti.

Direban da ya ɗauke mu yaro ne mai gudun tsiya. Na ce, "Kai, ɗan nan, in kana da alkawari da lahira ka sauke ni tukuna." Ya ce, "Hajiya, jirginki nake so ki samu." Na ce jirgina sai gobe, ya rage. A Kontagora muka sha koko da ƙosai, ƙosan duk mai. Kafin Tegina wani soja a shinge ya taɓa buhuna.

"Mama, mene ne a nan?"

"Busasshen kifi."

"Ina za a kai?"

"Ƙasar Larabawa, bakin teku."

"Masu teku za ki kai wa kifi?"

Na ce nasu bai sha hayaƙi ba. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Mun yi azahar a Minna, magariba ta yi mana a Suleja, gidan 'yar ƙanwata. Tuwon shinkafa ta yi min da miyar kuka, na kwanta bayana yana ciwo.

Abuja zuwa Doha

Washegari mijinta ya kai ni filin jirgi. Aka naɗe buhun kifina da leda kamar gawa, aka karɓi kuɗin naɗi. Jirgin sama ban ga abin tsoro a cikinsa ba, abu ɗaya ya dame ni: ba ka ganin matuƙin. Ni ban saba shiga jirgin da ban kalli idon mai tuƙa shi ba. Abincin da suka kawo ko jariri ba zai ƙoshi ba, na nemi ƙari, yarinyar da ke rabawa ta kawo ba musu.

Da muka sauka, Isiya na tsaye da matarsa Rabi. Ya durƙusa, na dafa kansa, na ce ya rame. Ya ce, "Inna, ƙiba na yi." Na ce ni na haife ka. Muna fita ƙofa zafi ya rufe ni kamar na leƙa tukunyar bandar kifi. Gidansu a Wukair yake, can bayan gari, gidaje iri ɗaya jere kamar an buga su da hatimi. Ko zakara ban ji ya yi cara ba.

Wukair da kasuwa

Da hantsi abokin ya zo gaishe ni. Awudu sunansa, ɗan Zangon Kumasi, direban babbar mota, dogo mai fara'a. Bai gama gaisuwa ba ya fara neman ƙuri'ata.

"Mma, ɗanka tsoro ya yi masa yawa. Jirgin da nike so, in ka gani, khalas, magana ya ƙare."

Isiya ya ce, "Ka bari ta huta mana."

"Ta huta a cikin jirgi, akwai kujera mai juyawa."

Da yamma suka kai ni Suk Wakif. Kasuwa ce tsaf, ba kwata ba ƙuda, tsofaffi 'yan dako na tura baro a hankali. Na tsaya shagon kayan fatsa na duba ƙugiyoyi, masu kyau ne, na sayi 'yan kaɗan na tsaraba. Na ɗanɗana kifinsu da suke kira hamur. Yana da tsoka, amma bai kama ƙafar giwan ruwa ba, na kuma faɗa wa mai gidan abincin. Isiya ya ƙi fassarawa.

Wurin masu sayar da jirage

Ranar Asabar muka tafi wani babban fili mai rumfa, jirage a kan tayoyi kamar motoci. Mai kula da wurin Ba'indiye ne mai furfura, Isiya na yi mana tafinta.

Na Awudu aka fara nuna min. Ja ne, fentinsa na walƙiya kamar gyalen amarya. Gindinsa a baje, bakinsa ƙasa-ƙasa, an shimfiɗa darduma a sama inda mutum zai tsaya ya jefa fatsa. Ga kujeru biyu masu juyawa, ga akwatin ruwa da ake zuba kifi ya zauna da rai, ga wani ɗan inji a goshi da ake takawa da ƙafa, ba ya ƙara, kifi ba ya gudu. Na hau na taka ko'ina, bai motsa ba. Raina ya kwanta da shi nan take, don irin ginin jiragenmu ne: faɗi, da gindi shimfiɗaɗɗe.

Na Isiya fari ne, ba ado ko kaɗan. Gindinsa tsini kamar ƙirjin zabo, gefensa ya kai min ƙugu, sai da aka kawo tsani na shiga. Ya fi tsada, ya fi shan mai, kujera benci ce kawai. Na ce, "Wannan ai kwarami ne. Mai gindi haka a kogin Kwara juyawa yake, kuma ta ina za ka jawo kifi, sai ka yi tsalle?"

Ba'indiyen ya yi magana, Isiya ya juya min: "Ya ce jan na ruwa kwantacce ne, tafki ko lungun bakin gaɓa. In za a shiga ciki sosai, farin ya fi."

Na ce, "Ka gaya masa tun kakarsa na goyo nake cikin jirgi. Mai tsadar yake so ku saya."

Wannan ma bai fassara ba. Awudu kuwa har da tafi. "Mma ya gama magana! Yalla, a kawo takarda."

Isiya ya sunkuyar da kai. Yaron nan bai taɓa musu da ni ba, na kuma san in na ce ja, ja zai saya, ya shiga teku da shi kowane mako. Can ya ce a hankali, "Inna, a kan taya kika sa ƙafa. Baba a ruwa yake sawa."

Gaskiya ya faɗa. Na ce a kai su ruwa.

Wakra

Bayan kwana biyu, da sassafe, aka jawo jiragen zuwa bakin ruwan Wakra, Rabi da Ba'indiyen suka biyo mu. Suka ba ni rigar ceto, na ce ni da na iya iyo tun ban yi haƙori ba? Isiya ya ce doka ce, na sa. Na yi bisimilla na shiga jan da ƙafar dama, na ɗebi ruwa na kai baki yadda muke yi. Na tofar. Gishiri zalla. Na ce wannan ruwa ba ya son baƙo.

Cikin matsayar jirage lafiya lau. Jirgin na tafiya sumul, Awudu na juyi a kujera kamar ango, ni ma ina cewa Isiya, "Ka gani?" Muna wuce duwatsun da suka tare ruwa sai iska ta taso, ba ma wata babba ba. Ku da kuka san Kwara, igiyar ruwanmu gajera ce, ta gefe ɗaya take zuwa, ka san inda za ka ba ta goshi. Wannan kuwa tudu ne ke tafiya. Jirgin ya hau, ya faɗo da ciki, tim! Haƙorina na gaba da ya rage sai da ya amsa. Igiya ta biyu ta zo ta haye goshin gaba ɗaya, ta wanke dardumar, ta cika min zane. Kujerar Awudu ta juya da shi, ya rungume ta yana salati.

"Mma, ka riƙe da kyau!"

"Kai dai riƙe, ni na riga na zauna a ƙasa."

Na waiga neman gaɓa, sai dogayen gine-gine can nesa kamar haƙoran mataji. Na dubi Isiya. Hannunsa biyu a kan sitiyari, yana lallaba jirgin yana juyo da shi a hankali don kada ruwa ya same mu ta gefe. A nan na ga yaron ya san ruwan nan, ni ce ban san shi ba. Abin da na ci da safe kuma na mayar wa teku, ba zan ɓoye muku ba, ni 'yar Sarkawa.

Da muka fito Rabi ta ce a koma gida. Na matse zanena na ce ba inda za ni, a kawo farin. Muka koma wuri ɗaya, iskar ma ta ƙaru. Yana tangaɗi, ban ce ba ya yi ba, in an tsaya har ya fi jan rawa. Amma tsinin nan da na raina shi ke yanka tudun ruwa gida biyu ya watsar gefe. Ko ɗigo bai shigo ba. Na tsaya na jingina ƙuguna da gefen da na kira kwarami, na ji ya riƙe ni.

A gaɓa na ce, "Awudu, jirginka kyakkyawa ne. Da tafkin Kainji za ku, da shi zan ce, ko yau. Amma nan farin za ku saya."

"Mma, ko ba ka faɗa ba. Ni da kujera mai juyawa har abada."

Na tambayi Ba'indiyen ina filafili. Ya nuna min wani guntu kamar muciya. Na ce a Kwara in inji ya mutu ka tuƙa da hannu ka kai gaɓa, ko ka kafa gora; a nan gorar wa za ta taɓa ƙasa? Isiya ya ce akan ɗaura ƙaramin inji na biyu a baya, amma sun so su bari sai baɗi, kuɗin ya yi yawa. Na ce to ƙafata ma sai baɗi. Suka kalli juna. Awudu ya ce zai fasa zuwa gida hutun bana, a sayi injin da kuɗin tafiyar. Sai da na ga an ɗaura injin da idona, an tayar da shi ya yi ƙara, sannan na ce ya yi, Allah ya sa albarka. Na kuma ce wa Isiya ya ba Ba'indiyen haƙuri a madadina. Wannan kam ya fassara da sauri.

Komawa gida

Na ƙara mako ɗaya, na koya wa Rabi yadda ake miyar busasshen kifi ba tare da ta kashe shi da tumatir ba, na kamo hanya. Na kwana Suleja, da asuba muka taso. Mun wuce Kontagora kenan waya ta yi ƙara, Isiya ne, iska na hurawa a bayansa.

"Inna, muna ciki! Mun yi nisa, ko gini ba a gani. Awudu ya kama hamur!"

"Ruwa ya shigo?"

"Ko kaɗan."

"Da wane hannu ka riƙe wayar?"

Ya fara kame-kame.

Na ce, "Kashe ta ka kama sitiyari da hannu biyu, marar hankali."

Mutanen motar suka yi ta dariya, ni kuwa sai a lokacin bayana ya daina ciwo. La'asar ta yi mana a Yauri. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Rabi da ta wanke min zane ba ta gaya wa kowa abin da ke jiki ba, da ku da kuka kula min da awaki.