Sojojin Dalma Marasa Kai

Wari ne ya fara yi mini sallama tun kafin in ga abin da ke cikin kwalin. A kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda, wadda ake ce wa haraj, wani dillali ya zube tarkacen gidan wani Bature da ya tattara ya koma ƙasarsu: takalma, tukwane, faya-fayen garmaho, da wannan kwali da ruwa ya taɓa jiƙawa. Ina ɗaga murfin kyankyasai suka watso mini a hannu. A ƙarƙashin ƙwansu da kashin ɓera na hangi ƙananan mutane na dalma kwance a kan juna, kowanne bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Na toshe hanci da gefen riga, na ce da dillalin ya ɗaure mini shi a leda biyu.

Sana'ata fentin mota. Daga Damagaram na zo, ina aiki a wata warsha, wato garejin gyaran mota, ina kwana a ɗaki guda mai bayi a ciki a unguwar Sa'alaba, iyalina kuwa suna gida. A farkon shekarun dubu biyu ne wani likitan haƙori, Bahijaze, ya kawo motarsa, ya tsaya yana kallon yadda nake jan siririn layi a jikin ƙofa da hannu. Ya ce in zo gidansa a unguwar Safa ranar Alhamis bayan la'asar, akwai abin da zai nuna mini. Na tarar da babban tebur an shimfiɗa masa koren ƙyalle, da duwatsu na soso, da rundunoni biyu na ƙananan dodanni da mayaƙa. Shi da wani injiniya ɗan Filifin suna auna tazara da awon tela, suna jefa ƙwayoyi irin na ludo, suna gardama kamar ƙasar ubansu za a ci. Na yi musu dariya a ranar. Kafin wata ya zagayo na fi su gardama.

Amma da sojojin aro nake wasa, kuma abin yana ci mini rai. In na ci, likita ya ce ai rundunarsa ce mai kyau; in an ci ni, ya ce na ɓata masa suna. Dokar gidan ɗaya ce: ba wanda zai ɗora rundunarsa a teburin sai ya fente ta tas, har ƙwayar ido. Irin waɗannan kaya kuwa ba a sayar da su a kantunan garin, sai wanda ya yi tafiya waje. Shi ya sa na rungumi wannan ƙazamin kwali zuwa ɗakina, ina son ranar da zan shiga Safa da nawa na kaina.

Maharba ne, sirara, masu dogayen kunnuwa, sun haura hamsin, da shugabansu mai alkyabba. Da na wanke su da sabulu na ga aikin wanda ya fara fenta su, sai na ji gara kashin ɓeran. Tir! Ko wane ne shi, da fentin ƙofa ya yi amfani, mai mai, ya laɓta shi har ya cike musu baki da hanci. Kore a sama, ja a ƙasa, ido kuma fari fat da ɗigon baƙi a gefe, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon teku. A jikin wasu har gashin buroshi ya maƙale ya bushe. Na ga ɓarnar fenti iri-iri a warsha, amma ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba.

Na jiƙa su a man birki cikin kwalaben zuma, na jera a bayi. Bayan 'yan kwanaki fentin ya kumbura ya zama wani kunu mai yauƙi, launin toka. Na riƙa dirzawa da tsohon buroshin haƙori, ina tono lungu da allura, abin yana shiga mini ƙarƙashin farce. Ko na wanke hannu sau nawa, in na gutsuri gurasar tamis zan dangwali ful, dafaffen wakensu, sai in ji warin. Amma a ƙarƙashin wannan kunu akwai aikin gwani. Ashe suna da gira, suna da kitso, kowane kwari yana da kibansa ɗaya-ɗaya.

Kusan shekara na yi a kansu. Raɓar Jidda ba ta barin fenti ya kwanta lafiya, dole in kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin ya bushe kafin in buɗe kwalba. Bakunan da suka karye na sake su da wayar lantarki. Na tankaɗe yashin bakin teku na manna a ƙarƙashin ƙafafunsu. Tufafi da takalma ba su ba ni wuya ba, fuskokin ne suka sha ni. Sai in riƙe numfashi, in dafa gwiwar hannu a tebur, in ɗiga ƙwayar ido da tsinin allura. In ta karkace in goge in sake. Ba biyu da na yi wa fuska iri ɗaya. Akwai mai tabo a kumatu, akwai wani mai kallon raini da nake ce wa kafili a raina, don ya yi kama da ubangidan da ke riƙe da takardun zamana. Abin da ya rage kawai in fesa musu man ƙyalli da zai kare fentin, ina jiran ranar da iska za ta bushe.

Ana cikin haka Baffa ya zo umra. Yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, kuma wanda yake da ɗa a Jidda ba ya sauka a otal. Na bar masa katifa na koma tabarma, na saya masa abin da yake so, duk wannan ba komai. Abin da ya dame ni gwangwaninsa. Baffa yana cin goro, yana kuma cusa garin taba da kanwa a leɓe, ga wani tsohon gwangwanin madara da yake tofawa a ciki, ba ya yarda a zubar sai ya kusa cika. A ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, mukayyif yana juya iska. Har yau in na ga irin gwangwanin a baƙala, kantin unguwa, sai in kau da kai.

Ranar da ya sauka ya ga maharban a jere a kan kanta, ya ja da baya ya yi a'uziyya.

"Kai, waɗannan gumakan fa?"

"Ba gumaka ba ne, Baffa, kayan wasa ne. Kamar dara."

"Dara mai ido da kunne? A ƙasa mai tsarki? To ni ba zan yi salla a ɗakin da mala'iku ba sa shiga ba."

Na kawo zanen gado na lulluɓe su, na ce ku yi haƙuri, Baffa, kun ga an rufe. Na ɗauka magana ta wuce. Na raka shi Makka, ya yi umrarsa, muka dawo, washegari na tafi warsha na bar shi yana hutawa.

Da na dawo da yamma na same shi a bakin katifa yana murmushi, ɗan abin yanke farce a hannunsa. Zanen gadon yana ninke a gefe. Maharbana suna tsaye a layinsu yadda na bar su, bakuna a ɗane, alkyabbar shugaba tana nan da zarenta na zinariya, amma daga kafaɗa zuwa sama babu komai sai ɗan kututturen dalma yana walƙiya. Duka. Ko ɗaya bai tsallake ba.

"Na hutar da kai," in ji shi. "A wurin malamanmu na ji, mutum-mutumi in an cire masa kai ya zama itace. Na ga ka sha wahala a kansu, shi ya sa ban zubar ba. Yanzu sai ka yi wasanka da halaliyarka. Yatsana har ya yi kanta."

Ya miƙo mini yatsan in gani. Wallahi da wani ne da sai an shiga tsakaninmu. Amma abin da ke bakina ba a faɗa wa yayan uba. Da ƙyar na ce, "Baffa, ina kawunan?"

Ya nuna gwangwanin da haɓa. Wai bai so su warwatsu a inda ake salla ba, kuma ƙazanta ai wurin 'yar'uwarta take tafiya.

Na jira ya fita masallaci sallar magariba, na ce masa zan biyo shi. Na ɗauki gwangwanin da hannu biyu, da ɗuminsa, na shiga bayi da matacin shayi. Ba zan tsawaita ba. Ja ne, mai kauri, yana bin matacin a hankali yana zare-zare, kawunan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya tare da tuƙar goro. Na yi amai, na kuskure baki, na ci gaba, don shugaban bai fito ba tukuna. Yana can ƙasa ya manne, sai da na sa yatsa. Na ɗauraye su a famfo. Kanwar ta riga ta cinye fentin da ba a kare ba, idanun da na riƙe numfashi a kansu sun narke, fuskokin duk sun rine sun koma launin tsatsa. Matacin na jefa shi a shara, na daina shan shayi na wani lokaci.

Sauran kwanakinsa na yi masa hidima kamar yadda aka saba. Na ɗaure masa zamzam da dabino, na kai shi filin jirgi, ya sa mini albarka mai tsawo, ina amin ina kallon ƙasa. A raina na riga na gama shiri: in huda kowane wuya da kowane kai, in sa guntun waya a tsakani, in ɗiga gam, in sake fuskokin daga farko. Wata uku ko huɗu, shi ke nan. Na ma fara hudawa lokacin da Inna ta kira ta wayar maƙwabta.

Ba ta ko gama amsa gaisuwa ba ta fashe da kuka. Baffa ya tara gida ya ba da labarin yadda ya tarar da ni ina kwana da gumaka, da yadda Allah ya sa ya zo a kan kari. Na ce Inna, ki saurare ni, wasa ne, likita ne ma yake yi, ba wanda yake yi musu sujada. Ta ce ita ba ta san likita ba, ni ta haifa.

"Ban ce ka zubar ba, Baffanku ya ce yanzu sun halatta. Amma in dai na isa da kai, kada ka mayar musu da kawunan nan. Ka ji ko?"

"Inna..."

"Na isa ko ban isa ba?"

Na ce kin isa. Ta ce in faɗa da bakina, na faɗa: ba zan mayar ba.

Na yi makonni ban je Safa ba. Da likita ya dame ni da kira, na zuba su a akwati yadda suke na tafi, don ya gani da idonsa ya ƙyale ni. Na jera su a kan koren ƙyallen. Ya sunkuya ya duba, sai ya buga tebur. "Ya salam! Rundunar fatalwa! Wa ya ba ka wannan dabara?" Ɗan Filifin ya ɗauko kyamara. Na tuna musu dokar ido, likita ya ce wanda ba shi da kai ina zai samu ido, yalla, jefa ƙwaya. Haka na samu abin da na shekara ina nema, rundunata a teburin, ana yaba mini aikin abin yanke farcen Baffa. Na ci wasan ranar, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci a baki kamarta ba.

Shekaru na yi ina wasa da su haka. Kawunan na kankare su, na sake fenta su a kan tsinin allura ɗaya-ɗaya, sun ma fi na farko kyau, na ajiye su a auduga, tunda ajiya ba ta cikin abin da aka hana ni. Duk zuwan da zan yi gida sai in ƙudura zan zaunar da Inna in yi mata bayani a tsanake, in roƙe ta ta janye maganarta. Sai in tarar ana zancen gero, da ciwon ƙafarta, da auren ƙannena, in ga ƙaton mutum da furfura a gemu ba zai buɗe baki ya ce Inna, 'yan tsanana ba. In ce bari sai zuwa na gaba.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni, likita ya dube ni a kan teburin, cikin tausasawa ya ce, "Allah ya jiƙanta. Yanzu kam ka gyara su mana, ya ahi, ɗan'uwana." Na koma ɗaki da dare, na shimfiɗa audugar, na tsayar da shugaban a gabana. Ramin wuyansa yana nan tun wancan lokaci, na sa wayar, na gwada kan, ya zauna daram. Na buɗe gam. Sai na tsaya da kwalbar a hannu, don ita kaɗai ce za ta iya cewa na yafe maka, mayar, kuma ban tambaye ta ba lokacin da take iya amsawa. Na zare kan daga wayar, na mayar da shi cikin 'yan'uwansa, na rufe gam ɗin kafin ya bushe.