Gaisuwar da Na Yi a Ƙarƙashin Lema

Doka biyu aka ba mu, mu masu rakiya, a asibitin zubar da cikin nan na ƙasar Turawa: kar ka taɓa masu zanga-zanga, kar ka nuna ka san matar da kake rakawa. Cikin minti guda na karya duka biyun.

Shekara uku ina aikin nan duk safiyar Asabar, kyauta. Na fara ne bayan ɗa ya mutu a cikin matata, na kawo ta a cire, wasu ƙarti suka bi mu suna ce mata mai kisan kai. Aikin ba wuya. Ka tari mace a bakin motarta da babbar lema, ka kare mata fuska har ta wuce layin da aka ja a ƙasa. Masu ihun ba su da ikon tsallake shi.

Ran nan wata ta yi fakin a ƙetaren titi. Tana fitowa na ga atamfa da mayafi. Matar wani dattijo ce da muke sallar Juma'a tare, na ci tuwonta ranar suna. Bakina ya riga hankalina.

"Hajiya, ina kwana? Ya maigida?"

Ta dube ni kamar na mare ta.

"Malam, ba ni ba ce."

Ta fice daga ƙarƙashin lemar za ta koma mota, suka yi mata zobe. Wani ƙato mai jan gemu, daga wani gari McLeansville yake zuwa duk mako, ya danna mata waya a fuska yana ɗaukar bidiyo. Makullinta ya faɗi. Sandar wani allon zanga-zanga ta fizge mayafin.

Na naɗe lemar na sheme masa hannu. Wayar ba ta faɗi ba. Ya gwara mini kai a baki, na ji haƙori a kan harshena. Na juya mariƙin na fasa masa hanci. Muka zube a kwalta, wani na shurin haƙarƙarina, ni kuwa na riƙe gemun ina buga ƙeyarsa da ƙasa har 'yan sanda suka ɓamɓare ni. Wayoyi ko'ina. A kowace ga Hajiya a bayana, kai ba lulluɓi, tana laluben makulli.

Shugabar masu rakiya, wata tsohuwar Baturiya, ta sallame ni ranar.

"Shekaru mai jan gemun nan ya yi yana ɗaukar fuskoki, ba mai kallo," ta ce. "Kai ka samo masa 'yan kallo."

Kafin Litinin bidiyon ya shiga wayoyin mutanenmu na gida da ke zaune a nan. Ba wanda ya tambayi haƙorina. Abin da suke turo mini ɗaya ne: "Wannan ba matar Alhaji ba ce?"

Na ce ban san ta ba. Amma sai a lokacin na faɗa.

Mijin ya canja masallaci. Ita an ce ta koma wurin yayarta a wata jiha. Har yau ban san abin da ya kawo ta ba. Lemar tana but ɗin motata, ƙarafunanta biyu a karye. Ba wanda ya ce in mayar.