Zazzaɓin Dangi

Dabo Mai Faci taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da lasisin tsokanarsa daga zanin goyo har likkafani. Rumfarsa tana bakin titin da ya tashi daga Gezawa ya nufi Kano, daidai mahaɗar da ake ratsewa zuwa ƙauyenmu, Tudun Kanya. Gajere ne, kakkaura, tafin hannunsa kamar an yanko shi daga tayar tirela. Tun bai yi gemu ba yake liƙe tayoyi, ga shi yau gemun ya fara furfura.

Ciwon Dabo ɗaya ne a duniya, dangi. In yana cin tuwo ya tuna da jikan ƙanwar kakarsa da ke Makoda, sai loma ta tsaya masa a wuya. Nakan ce masa, "Dabo, ko jakin gidanmu ne ya yi atishawa sai ka zo dubiya." Sai ya ce, "Ai shi ya sa nake zuwa wajenka."

A wajenmu iskar farkon damina ba ta san girman kowa ba. Takan yaye kwanon ɗaki ta ajiye shi a gonar gero, shi ya sa kowa ke danne rufinsa da duwatsu. Dabo ya ce danginsa sun fi ƙarfin dutse. Duk tayar da ta mutu a rumfarsa sai ya ɗaura ta a bayan babur, ya ɗauko tsaninsa, ya hau da kansa ya jera ta a rufin ɗan'uwa. Daga nesa, in ka hangi gidaje warwatse cikin dawa, kana iya nuna na zuriyarmu da baƙaƙen rawunan da ke kansu. Rufinsa shi kuwa duwatsu ne, don kullum akwai wanda ya fi shi buƙata. Mahauci ke nan mai cin tuwo da miyar kuka zalla.

Da marka ta kankama bara, wani ɗan Yaya Sama'ilu, wan Dabo, ya dawo daga ɗinkinsa na birni a kwance. Muka yi ta zuwa dubiya kamar yadda aka saba. Kafin ya miƙe, rabin gidan ya kwanta, sai gidan gwaggonmu, sai nawa. Na sha zazzaɓi iri-iri a rayuwata, amma wannan daban ne. Ji nake kamar an zuba ƙasusuwana a turmi mata suna lugude, bayan idanuna kuma kamar ana soya gyaɗa. Muka sha maganin maleriya, ko gezau. Muka shiga gidan sauro tun magariba, a banza.

Malama Dorathy, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, ta ɗebi jini ta aika Kano. Da sakamako ya dawo ta kira Khalilu mai shela ta ba shi saƙo. Khalilu yana da murya, kunne ne Allah bai cika masa ba. Ranar kasuwa ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'a, a yi hattara, zazzaɓin dangi ya shigo gari."

Ba a taɓa shelar da ta shiga kunnen mutane kamar wannan ba. Aka fara duba gidajen da suka kwanta, sai ga shi duk zuriya ɗaya ce. Maƙwabtan da gona ɗaya ce ta raba mu da su lafiyarsu ƙalau. A cikin zuriyar kuma gida ɗaya ne ciwon ya tsallake, na Dabo. Aka tuna kwanan nan ya sayi sabon injin ba taya iska. Ba wanda ya faɗa da ƙarfi, amma a bakin rijiya da wajen mai shayi magana ta nuna, wai Dabo ya ba da danginsa don kasuwa ta buɗe.

Na yi dariya da na ji, duk da haƙarƙarina na ciwo. Na daina dariya ranar da Raudatu, autar Sama'ilu, 'yar makarantar da ke karanta mana saƙon waya, ta fara haɓo. Zazzaɓin ya sauka, har an ce ta warke, sai ga jini a dasashinta, cikinta na murɗa. Aka sa ta a mota. Ba su kai Kano da ita ba.

A zaman makoki Dabo ya durƙusa gaban wansa ya miƙa hannu. Sama'ilu ya bar hannun a iska.

"Yaya, Allah ya ba mu haƙuri."

"Mu? Kai me ka rasa?"

"Yaya, ni na yi mata huɗuba."

"Tashi ka fita, Dabo. Kada ka ƙara taka gidan nan. In na mutu ban yarda ka ɗauki makarata ba."

Dabo ya fita ba takalmi. Ya je gindin darbejiyar ƙofar gida ya zauna, can ya ci gaba da karɓar gaisuwar da ba wanda ke yi masa.

Ranar sadakar uku da hantsi Malama Dorathy ta zo gaisuwa, ta nemi izinin duba gidan. Ta leƙa randa, a rufe. Ta duba kwata, Sama'ilu ya sa an share ta tas. Tana tsaye a tsakar gida tana mamaki, sai ta kai wa hannunta mari. Ta buɗe tafin ta nuna mana wani ɗan sauro baƙi mai ɗigon fari kamar zabuwa.

"Baba Sama'ilu, ga mai kawo dengi. Da rana yake cizo, shi ya sa gidan sauronku bai hana ba."

"Mun san mai kawo shi," in ji Sama'ilu. "Ai ke kika ce na dangi ne."

Ta dube shi, ta dubi Khalilu da ke gefe yana cin gumbar sadaka. "Malam Khalilu, me ka faɗa a kasuwa? Dengi na ce maka. Sunan ciwon ke nan, ba ruwansa da dangantaka."

Khalilu ya haɗiye gumba ya ce, "To Malama, ai wasali ɗaya ne tsakani."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce wannan sauron ba ya son ruwan kwata, ruwan sama mai kyau yake nema, wanda ya kwanta a gwangwani ko fasasshen tulu. Ba ya kuma tafiya nesa. In ya ciji marar lafiya sai ya kai wa na kusa, mai dubiya kuma ya tafi da ciwon a jininsa, in akwai irin sauron a gidansa shi ke nan. Tana cikin bayani ta ɗaga kai, sai idonta ya sauka a kan tayoyin rufi.

"Wa ke da tsani?"

Duk garin an san mai tsani. Ni na fita na kira shi. Sama'ilu ya kau da kai, bai hana ba. Dabo ya jingina tsanin, ya karɓi moɗa, ya hau kamar yadda ya saba hawa da kyauta a kafaɗa. Muka ga ya zura moɗar cikin taya. Ya daɗe a can yana kallon abin da ya ɗebo. Ya sauko ya nuna mana. Ruwa ne garau, cike da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil.

"Gidaje nawa ke da irin wannan?" in ji Malama.

"Duk gidan da nake ƙauna," in ji Dabo. Ya juya wajen wansa. "Yaya, ashe ba su yi ƙarya ba. Daga hannuna ne."

Sama'ilu ya leƙa moɗar. Ya dubi rufin da shekara da shekaru iska ba ta ɗaga ba. Dabo ya ajiye moɗar ya koma kan tsani don ya fara jefo tayoyin, sai tsanin ya goce a laka. Kafin na yunƙura, Sama'ilu ya riga ni. Ya kama shi da hannu biyu, ya sa ƙafa ya danne gindinsa.

"Hau a hankali," ya ce. "Na binne ɗaya, ya isa."

Ranar ba su tsaya a gidan ba. Gida-gida suka bi cikin dawa, ƙane a sama, wa a ƙasa, har la'asar sakaliya.

Yanzu in ka ratsa ta rumfar Dabo za ka ga ƙarfe a cikin wuta. Ba matacciyar tayar da ke barin wajensa sai ya huda ta ta ko'ina, kamar rariya. Direbobi ma ba sa tsira, yana faci yana yi musu wa'azin sauro mai ɗigon fari. Kwanaki wani ɗan makaranta ya gyara masa, ya ce, "Baba, dengi ake cewa." Dabo bai ɗaga kai daga tayar ba. Ya ce, "Na sani, yaro. Ni dai a dangina na gan shi."