Kawu Isuhu da Mai Gadi Mai Ido Guda

Duk wanda ya san Kawu Isuhu a shekarunsa na ƙarshe ya san ba ya fara yini da gaisuwa. Zai shigo shagona na unguwar Wadata da safe, hula a karkace, ya wuce ni kamar ba ni ne ɗan ƙanwarsa ba, ya zauna gaban ordinato, wato kwamfuta, ta kusa da ƙofa, sannan ya ɗaga murya: "Wa za ya taho ya yi mani sata?" Baƙo in ya ji sai ya dafe aljihu. Mu da muka saba kuwa ko kai ba ma ɗagawa, don mun san iyakar filinsa yake son a gwada masa.

Ga waɗanda a taksi kawai suka san shi, bari in warware muku. Ni Mahamadu gyaran salula nake yi, kuma ina da 'yan ordinato a bayan shago da matasa ke wasa a kansu. Akwai wani wasan gini da bulo, duniya guda kowa ke shiga, ka haƙa ƙasa, ka sari itace, ka gina abin da ranka ke so. Wata tsohuwar na'ura da ke ƙarƙashin teburina ita ke riƙe da duniyar, sarbar muke ce mata. Don kada wani ya rushe ginin wani, na sa wata manhaja ta tsaron fili. Ka dangwala kusurwoyin filinka da shebur, daga nan duk wanda ya kai hannu ciki sai rubutu ya fito a ce ba shi da izini. Ita muke kira mai gadi, kuma wanda ya rubuta ta ya rantse tana aiki.

Faɗa ne ya fara kawo Kawu shagon. Ya ajiye taksi ke nan saboda ciwon baya, zaman gida ya ishe shi, sai ya ga ya dace ya zo ya gaya mini ina lalata 'ya'yan mutane. Yana cikin zuba, idonsa ya faɗa kan allon wani saurayi, ya ga fili kore shar har iyakar gani.

"Wancan hilin, na wane ne?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Kawu. Wanda ya riga ya kama."

"Ba dillali?"

"Babu."

"Ba wanda za ya taho bayan shekara ya ce na kakanai ne?"

"Babu, Kawu."

Ya dafa kafaɗar saurayin. "Tashi, ɗana. Uwarka na kira."

Kun dai san labarin parsel ɗinsa, wato filin gidansa na unguwar Bobiyel. Maƙwabcinsa na can duk damina sai ya ɗan tura borni, wato dutsen siminti na iyaka, har dogon yaron da Kawu ya dasa da hannunsa ya wayi gari a tsakar gidan wani. Abin nan ya ci masa rai har ya mutu. Shi ya sa da ya kama fili a wasa, ya gina zaure da ɗakuna da rijiya, ya ce wannan kam ba mai ci masa ko taƙi guda. Ya kuma janyo abokin dararsa, Baba Markus, tsohon ma'aikacin jinya ɗan Dogon Dutsi, Kirista, mutum mai dariya kamar an biya shi. Kawu ya ba shi filin yamma da nasa, wai gara mugun da ka sani.

Baba Markus ne ya fara amsa kiran sata. Ya zagaya gabas ya kai sara, rubutu ya ce ba izini. Kudu, ba izini. Arewa, ba izini. Kawu na ta kaɗa ƙafa yana cewa, "Wala! Wanga shi a aiki." Baba Markus ya koma yamma ya kai sara guda, sai ga bulon katangar Kawu ya fita fit, ya faɗa jakarsa.

Ihun da Kawu ya yi, wallahi telan da ke maƙwabtaka da ni sai da ya fito da almakashi a hannu.

"Mahamadu! Mi na gani haka?"

Na duba, na sake dubawa. Ashe a gefen yamma, wani lokaci mai gadi na lissafa layin ƙarshe cikin fili, wani lokaci ya bar shi waje. Ba kullum ba, sai ya ga dama. Na yi ta ƙoƙarin yi wa Kawu bayanin lambobi, ya ɗaga mini hannu.

"Bari dogon Faransanci. Wato ka ɗauko mani mai gadi mai ido guda."

Ya juya ga abokinsa. "Markus, maido bulona."

"A'a ho! Kai ka ce in yi sata, na yi. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya maido kaya da kansa?"

Bulon nan Baba Markus bai maido shi ba. Ya ɗora shi a kan wani dakali a tsakiyar falonsa, ya kewaye shi da fitilu, yadda duk Kawu ya leƙo ta taga sai ya gan shi.

Ba a gama da wannan ba sai ga rigimar ruwa. Hamsatu, wata ɗaliba 'yar Gudel wadda iyayenta masu lambu ne a bakin kogi, ta kama filin gabas da Kawu, ta ce ita ma lambu za ta yi. Ta zuba ruwa a kan tudunta. Ruwa ya gangaro, ya tsallake iyaka ba ko sallama, ya cika zauren Kawu, ya kwashe fitilunsa duka. Mai gadi mutane yake tambaya izini, ruwa kuwa ba ruwansa da shi.

"Kala suru, Baba," in ji Hamsatu, tana ba shi haƙuri da Zabarmanci tana danne dariya. "Ni cikin hilina na zuba."

"Mahamadu, kori ruwan ga daga sarbar!"

"Kawu, ruwa ba shi da suna balle in kore shi."

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari sai ga Kawu da mai unguwarmu, na gaske, da babbar riga da sanda. Dattijo ya share gumi ya ce a kai shi wurin da ake rigimar. Kawu ya nuna masa allo. Mai unguwa ya dubi allo, ya dubi Kawu, ya sake duban allo.

"Isuhu, ka ji tsoron Allah. Cikin telbijin ka taso ni in raba iyaka?"

Amma da yake ya riga ya zo, ya zauna. Aka nuna masa gangaren, ya ce ai wannan sananne ne, na tudu shi ke yin magudana. Hamsatu ta haƙa, ruwa ya janye, aka yi fatiha. Da na raka shi bakin titi sai ya rage murya ya ce, "Mahamadu, bakin kogin can, da sauran hili?"

Babban tashin hankalin Kawu shi ne kuran, wato wutar lantarki. In wuta ta ɗauke ta dawo, sarbar na riga mai gadi tashi, ɗan lokaci duk filaye a buɗe suke kamar kasuwa. Tun da Kawu ya gano haka, ko ina yake in ya ga fanka ta tsaya sai ya miƙe. Ranar sunan jikarsa, liman na tsaka da addu'a, wuta ta ɗauke. Kafin a shafa, Kawu na kan kabu-kabu daga Bobiyel zuwa Wadata, cinyar kaza a hannu. Inna Rabi, matarsa, ta kira ni tana huci, ta ce in gaya wa kawuna ya kwana cikin gidan bulon, ya ci tuwon bulo. Na isar da saƙo. Ya ce, "Gaya mata akwai ɗaki, amma ba ta da izini."

Gaskiya abin ya dame ni, don na ga tsoho na neman kashe kansa a kan titi. Na ce masa akwai dabara mai sauƙi: in ƙara masa layi guda ta yamma, ko mai gadi ya yi gyangyaɗi katangarsa na ciki. Na zaci zai sa mini albarka. Sai ya dube ni da wani irin ido.

"Layin wa za ka ƙara mani?"

"Na Baba Markus ne, amma ai ba ya amfani da shi."

"Wato in zama mutumin Bobiyel? Ashe ban tarbiyyantar da kai ba. Ban cin hilin kowa, ko na arnen da ya sace mani bulo."

Baba Markus na gefe ya ce, "Na gode, Alhaji," ya kuma fashe da dariya har da tari. Daga baya muka gano ashe irin wannan kafar da mai gadi ke bari a buɗe na nan a gefen Hamsatu, Kawu na iya cire mata bulo in ya so. Shi ya fara lura, kuma shi ya je ya gaya mata, yana faɗa kamar ita ta yi laifin.

Na sabunta manhajar nan har na gaji. A toshe nan, ta ɓulle can. Kawu bai taɓa yarda da ita ba, bai kuma taɓa ba kowa izinin shiga filinsa ba, har ni mai sarbar ɗin sai daga bakin zaure nake masa sallama.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na je da Baba Markus. Ya rame ƙwarai, murya ta yi ƙasa, amma bakin na nan. Ya tambayi kuran, ya tambayi katanga. Sannan ya ce, "Mahamadu, sa sunan Markus. Ba shi izinin hilina duka."

Na ce, "Kawu, ɓarawon naka?"

"Shi ɗin. Wanda ya yi sata gabanka ya aje kayan inda za ka gani, shi aka ba amana."

Karo na farko da na ga Baba Markus ya rasa dariya. Ya kama hannun Kawu ya riƙe. Kawu ya ce, "Amma ka ji, in ka taɓa mani bulo guda, ina jiranka can."

Baba Markus ya share ido ya ce, "Haba Isuhu, ai an ce can ba unguwarmu guda ba."

"Kai dai bari," in ji Kawu. "Ni ban taɓa ganin iyakar da ba ta da kafa ba. Zan same ka."

Bai kai ƙarshen makon ba. Gidan bulon na nan yadda ya bar shi, Baba Markus na shiga ya zauna a zaure ba ya taɓa komai.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya duba tsarkin hannunsa. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da maƙwabta na gari. Amin.