Alkakin Manyan Baƙi

A shekarun da kuɗin mai ya sa burodi ya shiga kowane ƙauye, na dawo hutu daga makarantar horon malamai ta mata na tarar Baba ya ba da fadamarmu ta wajen Kafinsoli an shuka alkama. Malamin gona ne ya kawo irin, kala-kala, kowanne da layinsa da ɗan turke a kansa. Gwaji ne, in ji shi, ana neman wadda za ta zauna da ƙasarmu.

Nakan kai wa Baba fura in ƙi komawa. Ban taɓa ganin kore mai laushi irin wannan ba a tsakiyar rani.

Sai cutar tsatsa ta zo. Ta fito zane-zane a tsawon ganye, rawaya kamar ruwan gyambo, in ka shafa ta bi hannunka. Har farin mayafina sai da ta ɓata. Layi bayan layi suka ƙone a tsaye. Na bakin rijiya kaɗai ya bambanta: shi ma ya kamu, amma ɗigo-ɗigo, ciwon bai ci gaba ba, zangarniyarsa ta cika. Malamin gona ya tsuguna gabansa ya daɗe. Ya roƙi Baba a yanke shi daban, a sussuke daban, kada ƙwaya ɗaya ta shiga tukunya, don shi ne irin baɗi. Ni na zuba shi a tulu na liƙe bakin da laka kafin in koma makaranta.

Hutun da ya biyo, aka aiko cewa manya za su zo daga birni ganin aikin alkama, kuma a gidanmu za su sauka. Gwaggo, yayar Baba, ta buɗe buhunan sauran layukan ta ga ƙwaya ƙanjamammiya kamar kashin ɓera. Ta ce ba da ita za a kai wa baƙo wannan ba, gidan malamai ne nan. Ta sa aka fasa bakin tulun. Na ce mata iri ne.

"Ke ɗiyar nan, iri ya fi mutuncin ubanki?"

Na dubi Baba. Ya ci gaba da jan carbi.

Aka ɓarza irin kaf, aka soya alkaki, aka tsoma a zuma. Manyan suka iso da motoci bayan azahar. Ba wanda ya nemi a kai shi fadama, wai rana ta yi zafi. Ta tagar zaure nake kallonsu suna tauna, zuma na bin gemu, wani na lasar zobensa, suna cewa lallai alkamar gida ta karɓu. Malamin gona na gefen tabarma, shi ma da guda a hannu, yana ba su labarin layin bakin rijiya. Babbansu ya ce madalla, a kawo irin a sa a mota.

Gwaggo ta turo ni da buta da tasa. Na durƙusa ina zuba musu ruwa, malamin gona ya tambaye ni tulun a hankali. Na nuna masa faranti da haɓa. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya ajiye.

Har yau in an miƙo mini alkaki a biki, nakan ce na ƙoshi.