Malam Dalhatu, Babu Ɗayanmu a Sahunka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Laraba, 14 ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Malam Dalhatu Ghali, direban babbar mota a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu, bayan gajeriyar jinya a nan Riyad. Ya bar matarsa Hajiya Zuhura da 'ya'ya uku. Ya kuma bar mu, mutanen majalisarsa, da kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Malam, duk Bahaushen da ya sauka unguwar Manfuha ya san falonka. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa mutuwa, kai kake raka shi wurin kafili, ubangidan da ya tsaya masa. Ɗalibin da zazzaɓi ya kwantar, kai kake kai masa kunu da hannunka. Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko daga masallaci, Hajiya takan turo faranti ɗaya tak na shinkafar kabsa, ka ce wanda ba zai iya sa hannu tare da abokin gardamarsa ba ya tafi ya sayi shawarma.

Gardama kuwa ba mu rasa ta ba. Mu a ɓangarenmu muna cewa gwamnati ta riƙe farashi, ta ciyar da talaka, ta taka wa 'yan kasuwa birki. Alhaji Inuwa, mai shagon turare a unguwar Al-Shifa, da mutanensa masu ra'ayin 'yan mazan jiya, suna cewa a bar kasuwa ta yi halinta, amma hukuma ta sa ido kan tarbiyya, da abin da matasa ke kallo, da abin da suke sawa. Kai sai ka yi murmushi ka ce, "Ku duka sandar hukuma kuke so. Kan wanda za a buga kawai kuka saɓa." Ra'ayinka shi ne a bar mutum da aljihunsa, a bar shi da ɗakinsa, muddin bai cuci wani ba. Wani ɗalibi ya ce maka Turawa suna kiran wannan aƙida libatariyan. Ka ce ba ka san ta ba, amma in haka take, a gaishe ta.

Ka yi imani cewa wannan ra'ayi zai iya haɗa mu, tunda kowane ɓangare yana da rabinsa a hannu: mu ba ma son a leƙa ɗakin mutum, su ba sa son a taɓa aljihunsa. Mu kuwa muka ɗauke ka marar alƙibla. Mu muna ce maka yaron 'yan jari-hujja, su suna cewa kana ɗaure wa lalacewa gindi. Da aka cire tallafin mai a gida, majalisar ta rabu biyu, har aka daina gaisawa. Kai kaɗai ka ci gaba da zuwa duka biyun, kana kai wa kowa gaisuwar da ba a aiko ka da ita ba.

Ga abin da muka yi maka a ranarka. An sanar cewa za a yi maka salla bayan la'asar. Muka taru a Manfuha, wani ya ce in muka je masallaci dole mu tsaya kafaɗa da kafaɗa da su Inuwa, kuma ba a son fitina a kan gawa. Tunda a nan an saba wanda ya rasa sallar jana'iza ya yi ta a bakin kabari, sai mu bar musu masallaci da rakiya, mu je maƙabarta in sun watse. Na ce wannan shawara ta yi hankali. Ni na faɗa, da bakina.

Da muka isa ƙofar maƙabarta gab da magariba, sai ga motocin su Inuwa suna tsayawa. Ashe shawarar da muka yanke ita suka yanke, su ma sun bar mana masallaci.

Waɗanda suka ɗauki makararka baƙi ne, masallata masu bin kowace gawa don neman lada, ba su ko san sunanka ba. Mai gadi ya nuna mana jerin sababbin kaburbura, babu suna a kan ko ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan. Ya ce, "Na yau daga nan ne zuwa can." Inuwa ya dube ni, na sunkuyar da kai. Muka yi sahu ɗaya, na hagu da na dama, muka yi salla ga jerin gaba ɗaya.

Ban sani ba, Malam, ko aƙidarka za ta iya ɗinke ɓarakar siyasa a duniya. Abin da na sani shi ne, kai da kake cewa a ƙyale mutum, ba ka taɓa ƙyale kowa cikin wahala ba. Mu ƙyalewar kaɗai muka koya.

An ce mana za a iya nemo lambar kabarin, kuma za mu nemo. Amma da muka je gaisuwa, Hajiya Zuhura ta tambaye mu, ni da Inuwa, daga bayan labule: "Alhaji Inuwa, Malam Abduljalil, a cikinku wa ya sauka cikin kabari ya karɓe shi? Ina so in yi masa godiya." Falon ya cika da maza, babu wanda ya ɗaga kai.

Allah Ya jiƙanka, Malam Dalhatu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Allah Ya ba Hajiya Zuhura da 'ya'ya da 'yan'uwa na gida haƙurin rashi. Allah Ya saka da alheri ga bayin nan da suka sauka suka karɓe ka, Shi Ya san sunayensu. Hajiya, wannan ita ce amsar tambayarki, ki yafe mana.

Abduljalil Hansai, Manfuha, Riyad.